Abin da Gizago Ya Ci

Goruba ce ta yi mini aika-aika,
ran Laraba, bayan la'asar, a Kara,
ina zaune bisa guntun ƙirya ina gwaguya.
Na ji ƙas! Na tofar a tafin hannu:
rabin haƙorina na gaba.
Shekara talatin ina sassaƙar turmi,
ban taɓa zaton ni ma icce ne ba.

Likita Lubabatu, can wajen Gawon Nama,
sa'ar ɗiyata Kulu ce.
Ta kishingiɗar da ni, ta kunna fitila bisa fuskata.
"Baba, hular tangaran za mu sa mishi,
amma sai an fere shi tukuna."

Na ce, "To fere da kyau, ɗiyata.
Rage shi sosai, hular ta yi kauri,
irin wadda ko ƙashin raƙumi ba ya fasawa."

Dariyarta ta motsa ƙyallen bakinta.
"Mi kake sana'a?" Na gaya mata.
Ta ce, "In ka rarake turmi har gindinsa ya yi sirara,
bugun taɓarya nawa zai ɗauka?"

Sai na tuna turmin Inna Ige ta Dange.
Ina saurayi, hannu na ƙaiƙayi,
na zurfafa shi don ya ci mudu huɗu.
Ran suna ya dare gida biyu,
gero a ƙasa, kaji na biki.
Babana bai mare ni ba.
Ya duba tsagar, ya duba ni, ya ce,
"Abin da gizago ya ci ba ya amayarwa."

"Haka nan ne," in ji ta.
"In na ci farin ɓawon nan duka,
na iske mai taushi, maƙwabcin jijiya,
gam ba ya son riƙe shi,
kututturen kuma sai ya karye a wuya.
In na ji tsoro na rage kaɗan,
hular ta zo kamar ɓawon ƙwai,
ko ta yi tumbi tana ture dasashi.
Zan bar mata ɗan dakali kewaye da wuya ta zauna.
Ba zan bar kusurwa mai kaifi ba."

Wannan na sani tun ba a haife ta ba:
a kusurwa tsaga ke fara sallama.

Gizagonta bai kai tsinken tsire ba,
kukansa na sauro, yana fesa ruwa.
Ta taɓa, ta tsaya, ta auna,
ta sa ni cije wata 'yar takarda shuɗiya,
ta sake taɓawa.
Ni da ke sare ƙirya da kafaɗa duka,
ga ni kwance, baki buɗe kamar ɗan tsako,
ina koyon sassaƙa wurin yarinya.

Abu guda na roƙa da harshe mai nauyi:
"Bar mini wushiryata.
Ita Yelwa ta gani ta yarda da ni."

Sati biyu hular ta iso.
Ta zauna daram, ba ko girgiza.
Harshena ya kewaye ta kamar mai cinikin akuya,
bai sami abin kushewa ba.
Sharaɗi dai: ba goruba, ba buɗe kwalba,
ba tsinke igiya da baki.

Jiya na iske yarona Ɗantani
ya duƙufa cikin sabon turmi,
gumi na zuba, ɓarɓashi na tashi.
Na riƙe mishi ƙota.
"Sa hannu ka ji kaurin gindin."
Ya sa. Ya ce, "Da saura, Baba."
Na ce, "Saurar nan ita ce turmin."

Gorubar da ta rage a aljihuna
na jiƙa ta a kwano.
Da safe sai in sha ruwan.